In Za Ka Kainji Kallon Namun Daji, Bari Ciyawa Ta Kwanta

Jama'a 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da sauran garuruwan Kurmi, wani ɗan ƙasarmu mutumin Kaboji, can kudu da Kwantagora, ya tare ni da wata tambaya a Agege. Ya ce 'ya'yansa duk a nan aka haife su, ba su san dorina ba sai a littafin makaranta, yana so in ya kai su gida a babban hutun watan Agusta ya zarce da su Tafkin Kainji su shiga jirgin ruwa su ga namun daji. Na ce masa, Alhaji, in dai Agusta ne ka riƙe kuɗinka.

Ni na taɓa yin wannan wauta. Na je tsakiyar damina, gamba ta fi ni tsawo, ƙudan tsando ya yi ta cizona, na dawo ban ga kome ba sai birai da shamuwa, wadda ko a bayan gidanmu akwai ta.

Dalili kuwa ba boyayye ba ne. Da damina kowane kwari da ruwansa, saboda haka gwanki da kanki da ɓauna ba abin da zai kawo su bakin kogi, sai su watsu cikin daji, ciyawa ta rufe su. Hanyoyin cikin gandun kuma su zama taɓo.

Gandun da muke magana shi ne wanda aka haɗa a 1979 daga dazuzzuka biyu, watau na Borgu a yammacin tafkin da na Zugurma a gabas. Na Zugurma shi ne maƙwabcin mutanen Kaboji, duk ƙasar Kwantagora ce, amma na Borgu ya fi girma nesa ba kusa ba, kuma ta cikinsa Kogin Oli ya ratsa, inda dorina ke taruwa a gurabun da ba su ƙafewa. Tafkin kansa ya samu ne da aka gama madatsar ruwa a 1968, tsawonsa ya fi mil 80, ya haɗiye tsohuwar Busa, inda Bature Mungo Park ya halaka a 1806.

To, yaushe ke nan? Disamba da Janairu ba laifi, an fara ƙone ciyawa, amma hazon hunturu kan rufe tafkin har ka kasa hango ɗaya gaɓar, ga sanyin safiya a kan ruwa mai sa yaro kuka. A ganina a bari sai Fabrairu zuwa ƙarshen Maris. Lokacin nan daji ya yi fili, ƙananan rafuka sun ƙafe, ƙishirwa ta tilasta wa kowace dabba zuwa mashaya, sabon toho kuma ya fito a inda wuta ta ci, mariya na kiwo a sarari.

Akwai kuma wani abin mamaki game da Kwara wanda masunta suka sani. Cika biyu take yi a shekara. Akwai farin ruwa na daminarmu, sa'an nan akwai baƙin ruwa, wanda ya sauka tun a duwatsun ƙasar Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ba ya isowa sai da rani. Shi ke riƙe tafkin a cike sa'ad da ko'ina ya bushe. Da ya wuce sai ruwa ya dinga ja, kututturan itatuwan da tafkin ya cinye su matso kusa da ƙasan jirgi. Haɗa wannan da guguwar farkon damina ta Afrilu da Mayu, ka ga dalilin da ya sa ban son bazara. Ba mu manta da Mayun 2021 ba, sa'ad da jirgi ya nutse kusa da Wara da mutane fiye da 100.

Kada kuma wani ya ruɗe ka cewa daga cikin jirgi za ka ga zaki. Rabon mai jirgi shi ne ɗinya da kirinjijiya da zalɓe, da tsuntsayen da ke gudo sanyin Turai su koma wajen Maris, da kada kwance yana shan hantsi, in an yi sa'a da kan dorina. Manyan namun daji sai a mota, tare da ma'aikacin gandu, da sassafe ko bayan la'asar. In kun ga dorina da ɗanta, a ce wa matuƙi ya yi nesa.

Saura magana mai nauyi. Tun wajen 2021 aka yi ta samun labarin 'yan bindiga sun sami maɓoya a dajin nan. Saboda haka kafin ka ɗauki iyali, aika a tambayo ofishin gandun a Sabuwar Busa ko an buɗe, da kuma inda aka yarda baƙo ya taka. In sun ce a dakata, a tsaya wajen madatsa a yi kallon ruwa. Kowane yaro a sa masa rigar ceto, kuma kada a shiga jirgin da ya yi lodin kasuwa ko wanda zai tashi bayan magariba.

Alhajin Kaboji dai ya ce zai nemi izinin mako guda a makarantar yaran cikin Fabrairu.