Yadda Ake Fara Koya wa Yaro Iyo

Mai koyar da iyo wanda ya san aikinsa ba ya gaggawar sa yaro wurga hannu da ƙafa. Yakan tsaya da shi inda ruwa bai wuce ƙugunsa ba, ya ce masa ya tsoma baki ya hura har ruwan ya yi kumfa. Da wannan wasa yaro ke koyon fitar da numfashi a cikin ruwa, ya ɗago kai ya shaƙi iska. Wanda bai saba da haka ba, da ruwa ya shiga hancinsa sai ya ruɗe, ruɗewa kuwa ita ke nutsar da mutum.

Daga nan sai kwanciya rigingine a kan ruwa, wadda ta fi komai muhimmanci. Malamin zai tallafi ƙeyar yaron da hannu ɗaya, ɗayan a ƙarƙashin bayansa, yana ce masa ya kalli sama, ya turo ciki. Yawancin yara sukan zabura da zarar kunnuwansu sun nutse, sai a lallaɓa su, a sake. Huhun da ke cike da iska yana taimaka wa jiki ya taso, saboda haka a hankali ake zare hannu har yaron ya ga ruwa ya ɗauke shi. Wanda ya iya wannan, ko ya faɗa ruwa zai iya numfashi har a kawo masa ɗauki. Jefa yaro cikin ruwa wai don ya koya da ƙarfi kuwa ganganci ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a shekarar 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. A Bangaladash an rage wannan asara ta hanyar killace gefen tafki da gora, a yi dandamali mara zurfi ana koya wa yaran ƙauye iyo. Dabara ce da za ta yi mana amfani, domin yaranmu da yawa a kududdufi suke koya da damina, ba babba a kusa, ga kuma tsargiya mai sa fitsarin jini.

Iyaye su sani, yaro ba ya ihu in yana nutsewa. Ko ya iya iyo, kada babba ya yi nisan da hannunsa ba zai kai gare shi ba.