Asalin Sunan O'Brien na Ƙasar Ailan da Tarihinsa

Gabatarwa

Hausawa kan ce suna linzami ne. A tsibirin Ailan, wanda yake yamma da Ingila, akwai sunayen da suka shafe shekaru kusan dubu suna jan zuriya guda, ana gadon su daga kaka zuwa jika ba tare da canji ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne O'Brien, wanda yake cikin sunaye goma da suka fi yawa a ƙasar. Wannan maƙala za ta duba inda sunan ya samo asali, da yadda siffarsa ta riƙa sauyawa gwargwadon wanda yake riƙe da mulki.

Ma'anar Sunan

A harshen Gaelik, watau harshen asali na mutanen Ailan, ana rubuta sunan Ó Briain, a tsohon rubutu kuwa Ua Briain. Kalmar Ua ko Ó tana nufin jika, kamar yadda Mac take nufin ɗa. Ke nan ma'anar sunan ita ce jikan Brian. Ɗiya mace kuwa Ní Bhriain ake kiran ta, matar aure kuma Uí Bhriain. Ƙaramin layin da ke bisa harafin Ó alama ce ta dogon wasali. Da marubutan Ingilishi suka zo rubuta sunan, sai suka mayar da wannan alama ɗan waƙafin da ake gani a sama tsakanin O da B.

Wane ne Brian?

Brian da ake nufi shi ne Brian Boru, wanda aka haifa wajen shekarar 941 cikin kabilar Dál gCais, mazauna gaɓar kogin Shannon a yankin da yanzu ake kira gundumar Clare. Kabilarsa ba ta cikin manyan gidajen sarauta na dā. Sarautar lardin Munster ta daɗe a hannun wani gida da ake kira Eóganachta. Saboda haka, da Dál gCais suka yi ƙarfi, sai masu tsara salsalarsu suka haɗa kakansu da kakan wancan gida, don su sami hujjar neman gadon sarauta. Masana tarihi na yanzu suna ganin wannan salsala ƙirƙirarriya ce.

An kashe yayan Brian, mai suna Mathgamain, a shekarar 976. Brian ya ɗauki fansa, ya zama sarkin Munster a 978. A shekarar 1002 Máel Sechnaill na gidan Uí Néill ya miƙa masa wuya, Brian ya zama babban sarkin Ailan, abin da ya karya al'adar ɗaruruwan shekaru ta barin wannan muƙami a gidan Uí Néill. Ranar 23 ga Afrilu, 1014, aka gwabza yaƙin Clontarf kusa da birnin Dublin, tsakanin rundunarsa da ta mutanen Leinster tare da mayaƙan ruwa na Viking. Rundunar Brian ta yi nasara, amma shi kansa an kashe shi a ranar, yana tsoho mai shekara saba'in da wani abu.

Yadda Ya Zama Sunan Gado

Brian bai taɓa amsa sunan O'Brien ba. Da sunan mahaifinsa aka san shi, watau Brian mac Cennétig. Ɗansa Donnchad, wanda ya rasu a Rum a 1064, shi ma mac Briain ake ce masa, ɗan Brian. Jikansa Toirdelbach, wanda ya rasu a 1086, shi ne aka kira Ua Briain bisa ainihin ma'anar kalmar. To, amma da ɗan Toirdelbach, Muirchertach, ya hau gado, sai ya ci gaba da amsa Ua Briain, alhali shi tattaɓa-kunne ne. A nan ne kalmar ta tashi daga bayanin dangantaka ta koma sunan gida. Dalilin kuwa a fili yake: kowa ya amsa wannan suna yana shelar cewa yana da haƙƙi a kan gadon Brian, sauran dangin Dál gCais kuwa ba su da shi.

Zamanin Turawan Ingila

Turawan Norman sun shigo Ailan daga Ingila a 1169. Mulkin gidan O'Brien ya tsuke ya koma masarautar Thomond a arewacin Munster, amma bai faɗi ba. A yaƙin Dysert O'Dea na 1318, su da magoya bayansu suka kashe Richard de Clare, suka kori Norman daga yankin. Sai a 1543 Murrough O'Brien ya miƙa masarautar ga Sarki Henry na takwas na Ingila, aka mayar masa da ƙasar tare da sarautar Ingilishi ta Earl na Thomond da Baron na Inchiquin, bisa sharaɗin ya bar sarautar gargajiya, ya rungumi doka da al'adun Ingila.

A ƙarni na 17 da na 18, lokacin da dokoki suka tsananta wa 'yan Katolika, harshen Gaelik kuma ya zama alamar talauci, mutane da yawa suka yar da O daga sunansu, suka koma Brien ko Bryan don samun sauƙin hulɗa da hukuma. Wasu kuwa suka bar ƙasar bayan yarjejeniyar Limerick ta 1691, suka shiga sojan Faransa. Daga cikin zuriyarsu ne Charles O'Brien ya yi yaƙin Fontenoy a 1745, daga baya ya kai muƙamin Marshal na Faransa.

Yaɗuwa da Farfaɗowa

Tsakanin 1845 da 1852 cutar dankalin Turawa ta jawo babbar yunwa. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka yi hijira, suka kai sunan Amurka da Kanada da Ostareliya. Ana cikin wannan yunwa William Smith O'Brien ya jagoranci tawayen 1848. Aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka sassauta aka kai shi gudun dole tsibirin Tasmaniya. Da aka kafa ƙungiyar raya harshen Gaelik, Conradh na Gaeilge, a 1893, sai jama'a suka shiga maido da O ɗin da kakanninsu suka yar. Har ila yau, wasu gidaje masu suna mai kama da wannan, irin su Ó Braoin, sun koma amsa O'Brien, don haka ba duk mai sunan ne jinin Brian ba. Sunan ya iso Afirka ma: Conor Cruise O'Brien ya wakilci Majalisar Ɗinkin Duniya a Katanga a 1961, ya kuma shugabanci Jami'ar Gana daga 1962 zuwa 1965.

Kammalawa

A taƙaice, an ga yadda sunan O'Brien ya fara a matsayin hujjar neman sarauta, ya rasa harafinsa na farko lokacin da masu shi suka rasa ƙarfi, ya kuma dawo da shi da suka farga da darajar harshensu. Wannan ya nuna cewa manazarcin sunaye bai kamata ya tsaya ga ma'anar kalma kaɗai ba. Wajibi ne ya bincika wanda ya fara amsa sunan, da zamanin da ya amsa shi, da kuma abin da yake nema da shi.