Ɗan Isa da Maƙwabtanta: Kafin a Fasa Gida, An Riga An San Abin da Ke Ciki

Shekaru ashirin baya, idan aka ce an yi sata a Ɗan Isa ko wani ƙauye na ƙasar Ƙaura Namoda, kowa ya san abin da ake nufi: wani ya haura katanga cikin dare ya kwance akuya, ko ya fasa rumbu, ko ya ɓalle kwaɗon shago. Maganinsa ma sananne ne. A ajiye kare, a sayi tocila, a ɗora ƙaya a kan danga. In aka kwarma ihu, maƙwabta su fito da sanduna, ɓarawo ya ranta a na kare. Yau ihun bai tsorata kowa, domin masu zuwa ba su haura katanga. A kan babura suke shigowa, bibbiyu ko uku-uku, da bindigogi a kafaɗa, wani lokaci ma da rana tsaka.

Ɗan Isa ta ɗanɗana wannan a watan Yulin 2024, lokacin da aka kashe mutane aka kora fiye da ɗari zuwa daji, har da mata da ƙananan yara. Banga, wadda ƙaramar hukumarsu ɗaya, ta ga abin da ya fi haka muni. A watan Maris na 2025 aka kwashi mutum 56 daga garin. Bayan watanni ana tara kuɗin fansa, 18 kaɗai suka dawo a watan Yuli, kuma shugaban ƙaramar hukumar, Manniru Haidara Ƙaura, ya tabbatar wa duniya cewa an kashe aƙalla 35 duk da an biya. A Zurmi kuwa, har fadar sarki aka kai wa hari a watan Afrilun 2024. Ta ɓangaren Shinkafi, sunan Bello Turji ya isa ya tashi kasuwa.

Amma akwai abu guda da tsohon ɓarawo da sabon ɗan bindiga suka yi tarayya a kai, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Dukkansu ba su aiki da ka. Mutumin da ke kwana a daji bai san wane ne ya sayar da buhun gero ashirin jiya ba, bai san gidan da ɗansu ya turo kuɗi daga Legas ba, bai san ranar da jami'an tsaro suka janye daga shingen hanya ba. Wani ne yake gaya masa. Da ɗan gari akan ci gari. A da ana kiransa ɓarawon zaune, mai nuna gida kuma mai sayen kayan sata. Yanzu infoma ake ce masa, kuma kayan aikinsa bai wuce ƙaramar waya da katin ɗari biyu ba.

Gwamnati ta san da haka. A watan Satumban 2021 aka rufe layukan waya a duk faɗin Zamfara, aka dakatar da kasuwannin mako, aka hana sayar da man fetur a jarka, duk don a yanke igiyar da ta haɗa gari da daji. Talaka ya ji jiki, kuma da aka buɗe layukan, igiyar ta koma yadda take. A watan Afrilun 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta tuɓe sarakunan Zurmi da Ɗansadau bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga. A watan Yunin shekarar aka sa hannu kan dokar da ta tanadi hukuncin kisa har ga masu kai musu rahoto. Doka ce mai zafi a takarda. Sai dai mutumin ƙauye ba tsananin hukunci yake tambaya ba. Abin da yake son sani shi ne: in na kai sunan wane, wa zai ji cewa ni na kai? In aka kama shi yau, jibi zan haɗu da shi a masallaci?

A nan ne gizo ke saƙar. Jama'a sukan san wanda ba shi da gona ba shi da sana'a amma ya wayi gari da sabon babur. Sukan lura da mai sayen burodi da sigari da man fetur fiye da buƙatar gidansa, ya nufi bayan gari da yamma. Shirun da suke yi ba na goyon baya ba ne, na tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili. Muddin babu hanyar da mutum zai faɗi abin da ya gani sunansa bai fita ba, to kiran da hukumomi ke yi a rediyo cewa a riƙa ba su bayanai zai ci gaba da zama waƙa a ruwa.

Ɗaya gefen ma yana da nasa haɗarin, kuma Zamfara ta biya farashinsa da jini. Lokacin da aka bar zargi a hannun 'yan sa-kai, an yanka mutane a kasuwanni ba tare da shari'a ba, da yawansu Fulani makiyaya da ba a tabbatar musu da laifin komai ba, ramuwar gayya kuma ta faɗa kan ƙauyuka. Mai gaba da maƙwabcinsa kan iyakar gona ko neman aure ya samu hanya mai sauƙi: ya ce infoma ne. Askarawan da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a ƙarshen Janairun 2024, su fiye da 2,600, 'ya'yan garuruwan ne, sun san lungu da saƙo, wannan kuwa babbar riba ce. Amma aikinsu ya tsaya ga kamawa da miƙa wa hukuma. Ranar da suka zama alƙalai, mun koma gidan jiya.

To me ya rage a hannun magidanci? Abu na farko bakinsa ne. Cinikin da aka yi a kasuwar Shinkafi ko ta Ƙaura ba labarin majalisar shayi ba ne. Ranar tafiya da hanyar da za a bi, iyali kaɗai ya kamata su sani. Matasa masu ɗora hoton lefe da sabuwar mota a Facebook da TikTok su tuna cewa na daji ma suna da waya, wasunsu har bidiyo suke sakawa. Wanda zai iya karɓar kuɗin amfanin gonarsa ta banki ya yi hakan, ko da yake mai POS ɗin da ke kusurwar kasuwa shi ma yana da idanu a kansa, kuma ba kowane ƙauye ne ke da sabis ba.

Sai tsohuwar al'adar nan da muka yi sakaci da ita, ta kai baƙo wurin mai unguwa. Garin Ƙaura ya saba da baƙi tun da jirgin ƙasa ya iso shi a 1929, kuma yanzu ya cika da waɗanda suka baro ƙauyukansu. Waɗannan bayin Allah mafaka suke nema, bai dace a dube su da idon zargi ba. Sanin wanda ya kama haya a wane gida, daga wane gari ya fito, wa ya tsaya masa, kariya ce gare su kafin kowa, domin ita ke raba mai gudun hijira da wanda ya fake a cikinsu. Cunkoso da rashin aiki kuma sukan farfaɗo da ƙananan sace-sace na waya da babur da fasa shago, waɗanda har yanzu kwaɗo mai kyau, fitila a ƙofar gida da sintirin unguwa ke magance su.

Nauyin da ya fi girma yana kan masarautun Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi tare da rundunar 'yan sanda. A ware mutum ɗaya ko biyu amintattu a kowace gunduma da za a riƙa kai wa magana a asirce. A bincika kafin a kama. Wanda aka kama kuma a gurfanar da shi gaban kotu a bainar jama'a, mutanen Ɗan Isa da Banga su ji da kunnensu yadda shari'ar ta ƙare.