Jirgin ƙasa na bulon wasa da za a iya kaiwa baje koli: abin da ya kamata ku sani

Babu layin dogo a Jihar Kebbi. Yaron da ya tashi a Yelwan Yauri ko Wara ko Shanga ya san kwale-kwale da jirgin ruwa mai inji ciki da bai, amma kafin ya ga jirgin ƙasa da idonsa sai ya yi tattaki zuwa Mokwa ko Zungeru a Jihar Neja, inda tsohon layin Legas zuwa Kano ya ratsa. Shi ya sa ƙaramin jirgin wasa mai zagaye kan teburi zai iya tara jama'a a ranar rabon kyaututtuka ta makaranta ko a gefen filin bikin Rigata. Idan ku malamai ne ko ƙungiyar matasa masu sha'awar haɗa irinsa, ga yadda ake tsara shi ya tafi ya dawo lafiya.

Mene ne bulon wasa?

'Yan ƙananan tubalan roba ne masu ƙululu a sama da rami a ƙasa, ana danna wani kan wani su kama, ba gam ba ƙusa. Wanda ya fi suna shi ne na kamfanin LEGO da ke garin Billund a ƙasar Denmak. Wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ya kafa shi a 1932, kuma a 1958 aka yi wa irin bulon da ake amfani da shi yau rajista. Jirginsu na farko mai aiki da batir ya fito a 1966. Yanzu wasu kamfanoni, galibi na China, suna yin bulo mai awo iri ɗaya da ke hawa kan na LEGO.

Awon shi ne gishirin maganar. Daga tsakiyar ƙululu zuwa tsakiyar na kusa da shi milimita 8 ne. Masu wannan harka da ƙululu suke lissafi, ba da inci ba.

Me ake nufi da gini yanki-yanki?

Maimakon ku gina gari guda a kan babban katako da ba zai fita ta ƙofa ba, sai ku raba shi zuwa yankuna masu girma ɗaya. Kowa ya gina nasa a gida, a haɗu a wurin taro a jera. Kamar rumfunan biki ne: kowace da ƙafafunta, amma idan aka jera su sai su zama inuwa guda.

Tushen kowane yanki faranti ne na roba, shimfiɗaɗɗe, mai ƙululu 32 a tsaye 32 a kwance, wato kusan santimita 25 da rabi kowane gefe. Ƙungiyoyin masu wannan sha'awa a Turai da Amurka suna bin wani tsari da ake kira MILS, wanda ya samo asali daga Sifaniya: a ɗora sahun bulo ɗaya kan farantin, a rufe da siririn bulo, a bar 'yan ramuka a gefe inda za a soka sandar da ke riƙe yanki da maƙwabcinsa. Ba dole ku bi shi ba. Abin da ya zama dole shi ne ku zauna tun farko ku yi ittifaƙi kan abu uku a bakin kowane yanki: tsayin ƙasa, inda dogo zai fita, da inda hanya ko ruwa zai fita. Tsakiyar yanki kowa ya yi son ransa. Baki kuwa na kowa ne, kuma wanda ya ƙara ko siririn bulo ɗaya a wurin, a kansa jirgi zai yi tuntuɓe.

Wane fili ake bukata?

Miƙaƙƙen dogo guda tsawonsa ƙululu 16 ne, faɗinsa 8. Biyu ke cika faranti ɗaya daidai. Lanƙwasasshe kuma guda 16 ke yin cikakkiyar da'ira, wadda faɗinta daga baki zuwa baki ƙululu 88 ne, kusan santimita 70. Ke nan da'ira tana zama a kan faranti uku a tsaye uku a kwance, kimanin santimita 77 kowane gefe.

Wannan lambar ku kai wa kafinta. Faffaɗan katakon da ake yin kabad da shi, mai ƙafa 4 da ƙafa 8, zai ba ku murabba'i uku masu santimita 77, har da saura. Ku haɗa biyu, ku raba da'irar gida biyu, ku sa miƙaƙƙu shida a kowane gefe: lanƙwasassu 16 da miƙaƙƙu 12 sun ba ku zagaye mai kyau. Na ukun ku ajiye wa kogi da gari. Ƙafafun teburin su zama na cirewa, masu noti.

Amma kafin a yanka katako, ku ɗauki tef ku auna abin da zai ɗauki kayan. Bayan motar haya ce, ko a-kori-kura, ko jirgin ruwa daga Wara? Ku auna ƙofar ajin da za a ajiye su ma. A ganina, nan ne ya kamata tsarin ya fara, ba daga zaɓen launin kan jirgi ba.

Yaya jirgin ke tafiya?

Da batir. Dogon yanzu roba ne zalla, ba ya ɗauke da wuta, don haka babu fargabar lantarki ya ja yaro. Tsarin LEGO mai suna Powered Up, wanda ya fito a 2018, yana cin ƙananan batura shida a cikin kan jirgi, ana sarrafa shi da rimot ko wayar hannu. Ku tanadi batura masu caji zubi biyu, ɗaya na aiki ɗaya na kan sola. Kada ku dogara da wutar wurin taro.

Ku guji hawa da gangare. Tayoyin jirgin suna sulɓi, kuma a filin yashi ko teburin kansa sai an yi masa ciko kafin ya daidaita. Ku ari ma'aunin magina mai kumfar iska a cikin ruwa.

Me za a gina a kai?

Hotunan da ke kan kwalin bulon suna nuna biranen Turawa, amma babu wanda ya ce ku kwaikwaye su. Ku gina abin da mai kallo zai nuna da yatsa ya ce ya san wurin: bakin ruwan Yelwa da jiragensa, rumfar masu banda kifi, taragu cike da buhunan albasa, madatsar Kainji da aka kammala a 1968, ko gadar Jebba inda dogo ke tsallake kogin Kwara. Kafin a gina wannan gada, jirgin ruwa ne ke tsallakar da taragu, kuma wannan labari ne da zai zauna wa 'yan bakin ruwa. A ɗan rubuta kati a gefe: dogo ya isa Kano a 1911, na Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki a 2016.

Ba komai ne sai da bulo ba. Yaran da suka iya ƙera mota da karan dawa za su yi muku rumbu da danga da kwale-kwale da suka fi na roba kama da na gaske. Idan kuma akwai iyayen da ba su son 'yan mutum-mutumin da ke zuwa cikin kwalin, a ajiye su gefe, jirgi ba ya bukatarsu.

Nawa zai ci?

Kayan daga waje suke zuwa, farashinsu yana bin dala, kuma na LEGO na asali yana da tsada ƙwarai. Kuɗinku ya fara tafiya kan injin jirgi da dogo, don su ne ke shan wahala. Bulon gina gidaje da tuddai kuwa, na gwanjo ko na China ya wadatar, sai dai ku gwada biyu a hannu kafin ku biya, wasu ba sa kamawa da kyau. Cikin tudu a cusa kwali, a lulluɓe samansa kawai.

Me ke lalata shi a hanya da wurin taro?

Zafi ne na farko. Faranti yana iya lanƙwashewa idan aka bar shi cikin rufaffiyar mota da tsakar ranar bazara, hasken rana kuma yana mayar da farin bulo ruwan ɗorawa. Ƙurar hunturu tana shiga tayoyi da inji, sai a riƙa share ta da burushin fenti mai laushi. Damshin bakin ruwa yana kumbura katako, don haka a shafe shi da fenti har gefuna.

Kowane yanki ya samu akwatinsa da lambarsa, a zana taswira a manna cikin murfi. Dogon da ya faɗa kan mahaɗar tebura biyu kada a kafe shi, a cire a sa a jaka, sai an isa a ɗora. Dogayen gine-gine a raba su da farantinsu kafin mota ta shiga gargada.

A wurin taro a ja igiya taku biyu daga teburi, mutum ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana kula da hannaye. Ƙananan bulo suna iya shaƙe yaron da bai kai shekara 3 ba, saboda haka masu goyo su tsaya bayan igiya. Sauran yara kuma a shimfiɗa musu tabarma a gefe da kwanon bulo, a ba su rimot bi da bi.