Inshorar gida a bakin Kainji: wa zai gaya wa mai gida abin da ya saya?

Tun da Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar inshora a watan Agustan 2025, magana take ta yawo a majalisu daga Yelwa har Warra cewa wai yanzu kowane mai gida sai ya yi wa gidansa inshora, ko ya so ko ya ƙi. Wasu na cewa haraji ne aka sauya wa riga. Wasu kuma murna suke yi, a zatonsu daga yanzu in ruwa ya ci gida, gwamnati za ta gina sabo. Duka biyun sun yi nisa da abin da ke cikin dokar, amma masu murnar sun fi ba ni tsoro.

Tilascin ba yau aka fara shi ba. Dokar 2003 da aka soke ta riga ta wajabta inshora a kan ginin da jama'a ke shiga: makaranta, asibiti, wurin kasuwanci, gidan haya. Sabuwar ta riƙe wannan, ta tsananta hukunci. Babbar manufar ita ce kare ɗan haya da mai shiga ginin idan ya rufta ko ya kama da wuta. Mutumin da ya gina ɗakunansa huɗu na ƙasa a Zamare, yana zaune da iyalinsa, ba shi ake nufi ba. Ba wanda zai kama shi don bai yi ba, ba kuma wanda zai biya shi ranar da bango ya sha ruwa daga tushe, ya tsage, ya zube a kan rumbu.

To in ya ga dama ya yi don kansa fa? A nan gizo ke saƙa. Inshora adashi ce da kowa ke zubi, amma kwasa ta wanda tsautsayi ya faɗa wa ce. Gobara ta dace da wannan tsari, don a cikin gidaje dubu 'yan kaɗan take ci a shekara, zubin sauran ya ishe su. Ambaliya kuwa ba ta zaɓen gida. Ranar da ruwan Gulbin Sakkwato ya haɗu da na Neja, tafki ya tumbatsa, duk 'yan adashin za su tsaya a ƙofar uwar adashi rana ɗaya, kowa na neman kwasarsa. Babu uwar adashin da za ta jure wannan, sai in masu zubinta sun warwatsu har Kano da Jos, inda ruwan bai kai ba. Shi ya sa kamfani ke gudun gidan da ke bakin ruwa, ko ya yanka masa kuɗin da ba zai iya ba. Ko an karɓe shi ma, takardar inshorar gobara zalla ba ta haɗa da ambaliya, sai an ƙara ta musamman, an ƙara kuɗi. Mutum nawa ake gaya wa wannan kafin ya sa hannu?

A 1968, shekarar da aka kammala madatsar Kainji bayan an tashi mutane fiye da dubu 40 daga garuruwansu da gungunansu, jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa wani tsari mai suna FAIR Plan domin masu gidajen da kowane kamfani ya ƙi. Ba kuɗin gwamnati ba ne. Kamfanonin da ke sayar da inshorar gida a jihar aka tilasta wa su haɗa kai su ɗauki nauyin. An yi shi a matsayin mafaka ta wucin gadi, mai tsada, kuma wadda kusan wuta da hayaƙi kawai take biya. Sata ba ta ciki, ɓarnar ruwa ba ta ciki. Da wutar daji ta yi yawa, kamfanoni suka fara janyewa, har State Farm ya daina karɓar sababbin gidaje a watan Mayun 2023. Masu fakewa a FAIR Plan suka ninka fiye da sau biyu tsakanin 2020 da 2024, kuma bayan gobarar Los Anjalis ta Janairun 2025 sai da aka ɗora wa kamfanonin biyan dala biliyan 1 don kada asusun ya ƙafe.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne dokar da majalisar jihar ta yi a 2020. Sun lura mutum yakan shiga mafakar ya zauna shekara da shekaru yana biyan kuɗi mai yawa, bai san wani kamfani ya dawo yana karɓar irin gidansa ba. Sai aka wajabta wa FAIR Plan ta buɗe hanyar da kamfanoni za su ga gidajen da ke hannunta, su yi wa masu su tayi. Jihar Fulorida, mai nata irin wannan asusu, ta wuce nan a 2022: in tayin kamfani bai ɗara kuɗin asusun jiha da fiye da kashi 20 cikin ɗari ba, dole ka koma can. Ban yarda da tilascin Fulorida ba, amma tushen abin daidai ne: wanda ke karɓar kuɗinka shi ya kamata doka ta sa ya sanar da kai abin da ka saya, da inda za ka sami wanda ya fi shi.

Mu nan mun ɗanɗana rashin wannan. Bashin noman shinkafa na Babban Banki, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, ya zo da inshorar hukumar inshorar noma ta NAIC, kuma daga cikin bashin aka riƙa cire kuɗinta. Da ambaliyar 2020 ta shafe fadamun Kebbi, manomi nawa ne ya san yana da inshora, balle ya san akwai wa'adin kai rahoto, da ofishin da zai kai shi? Abin da yawancinmu muka sani da sunan inshora ita ce takardar mota ta naira 15,000 da ake nuna wa jami'i a shingen hanya, a ninke a mayar aljihun gaban mota.

Haka batun takaful, wato inshorar Musulunci. Da yawa suna ƙin inshora don gudun riba da caca, kuma damuwarsu abar saurare ce. Amma hukumar NAICOM mai kula da inshora ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013, Jaiz Takaful da Noor Takaful suka sami lasisi a 2016. A can zubin gudummawa ce, in an sami rara a raba wa masu zubi. Dillalin da ke sayar da inshorar gargajiya ba shi da dalilin ambaton wannan, tunda ba a nan ladarsa take ba, sai in doka ta sa shi.

Mafakar ƙarshe ta mutumin Shanga ko Ngaski a yau ita ce ajin makarantar firamare, da jerin sunaye da ake rubutawa, da buhun shinkafa da tabarma da bandir na kwano, in sun iso. N-HYPPADEC, wadda aka kafa domin al'ummomin da madatsun wuta suka shafa, tana kashe kuɗi a kan irin wannan agaji. Da za a ware wani kaso a haɗa gidajen bakin tafki cikin asusun takaful guda, mai masu zubi a jihohi da dama, da an fara wani abu. Sharaɗin da zan nema a rubuta cikin doka ɗaya ne: kowace shekara, kafin saukar damina, a karanta wa mai gida takardarsa da Hausa a gaban mai unguwa, a faɗa masa abin da za a biya, da abin da ba za a biya ba, da kwana nawa yake da su na kai rahoto.