Ɗaukar Murya da Sauraronta ta Layin Umarni na Kwamfuta

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya yi nazarin Hausa a makarantar sakandare ya san cewa rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Kalmar kuka ta isa misali. Idan an furta gaɓoɓinta biyu da karin sama, zubar da hawaye ake nufi. Idan kuwa murya ta sauka a gaɓa ta biyu, to itaciyar da ake miya da ganyenta ce. A takarda dukkansu haruffa huɗu ne iri ɗaya. Ke nan wanda ya rubuta maganar wani dattijo ya adana kalmominsa, amma wani sashe na harshen ya zube a hanya, kuma ba abin da ke riƙe wannan sashe sai ɗaukar muryar kanta.

A mazaɓar Limawa da sauran mazaɓun Ƙaramar Hukumar Dutse, irin su Kachi da Madobi da Sakwaya, akwai dattawa maza da mata da suka san garin tun yana ƙarƙashin Jihar Kano, kafin ranar 27 ga Agusta 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka mai da Dutse babban birninta. A bakinsu akwai tarihin unguwanni da tatsuniyoyi da waƙoƙin daka da sanin noman dabino, kuma kowace shekara yawansu raguwa yake yi. Wannan maƙala za ta bayyana yadda murya ke zama lambobi a cikin kwamfuta, da yadda ɗalibi zai ɗauke ta ya kuma saurare ta da gajerun umarni da yake bugawa da hannunsa, ko da tsohuwar kwamfuta ce a gabansa.

Yadda murya ke zama lambobi

Sauti girgizar iska ce. Idan mutum ya yi magana, iskar da ke gabansa takan matsu ta saki sau da yawa a cikin sakan ɗaya. A cikin makirufo akwai wani siririn tantani mai kama da fatar kalangu, wanda wannan iska ke kaɗawa, shi kuma yana mai da kaɗawar ta zama lantarki mai hawa da sauka. Na'urar farko mai ɗaukar murya ta kuma maimaita ta, wadda Thomas Edison ya ƙera a Amurka a 1877, zana wannan hawa da sauka take yi da allura. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, a jikin zare mai maganaɗisu yake ajiye shi.

Ita kwamfuta lambobi kaɗai ta sani. Abin da take yi shi ne auna ƙarfin lantarkin a kai a kai, ta rubuta kowane awo a matsayin lamba, kamar yadda malamin jinya ke auna zafin jikin majinyaci kowace awa yana rubutawa a kati. Idan aka jera awon aka haɗa su da layi, siffar hawa da saukar za ta fito.

Tambaya ta farko ita ce, awo nawa ake buƙata a sakan ɗaya? Harry Nyquist a 1928 da Claude Shannon a 1949 sun nuna cewa dole yawan awon ya haura ninki biyu na girgiza mafi sauri da ake son kamawa. Kunnen yaro mai lafiya yana jin girgiza daga 20 zuwa kimanin 20,000 a sakan. Shi ya sa faifan CD, wanda ya shiga kasuwa a 1982, yake amfani da awo 44,100 a sakan. Tsohon tsarin tarho kuwa awo 8,000 yake yi, don haka ba ya kama girgizar da ta wuce 4,000. Sautuka irin su s da sh da ts suna da girgiza mai sauri ƙwarai, shi ya sa sukan dusashe a waya.

Tambaya ta biyu ita ce, da wane irin ma'auni ake yin awon? Ana ƙidaya wannan da bit, wato ƙwayar lissafin kwamfuta mai zama 0 ko 1. Bit 8 suna ba da matakai 256, bit 16 kuwa suna ba da matakai 65,536. Bambancinsu kamar na mai awo da tiya ne da mai awo da cokali: na biyun ya fi kusantar gaskiyar abin da ake aunawa, kuma raɗa ko jan numfashi ba za su nutse a cikin hayaniya ba.

Mene ne layin umarni?

Yawancin masu amfani da kwamfuta sun saba da danna hotuna a kan allo. Layin umarni ya riga wannan hanya zuwa. Wani fili ne na rubutu zalla, inda mutum ke buga sunan manhaja da abin da yake so ta yi, ya danna maɓallin shigarwa, ita kuma ta aiwatar. Yana da amfani biyu ga mai ɗaukar murya. Na farko, ba ya cin ƙwaƙwalwar na'ura, don haka kwamfutar da ta tsufa a ɗakin makaranta za ta iya aikin. Na biyu, lambobin da aka bayyana a sama suna fitowa fili a cikin umarnin, mutum ne ke zaɓar su, kuma zai iya rubuta umarnin a littafi ya maimaita shi gobe ba tare da wani bambanci ba.

Misalan da ke tafe na tsarin Linux ne, wanda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finland a 1991, kuma kyauta ake samunsa. Sashen da ke kula da sauti a cikinsa sunansa ALSA, wanda aka soma a 1998. Da shi ake samun manhajoji biyu, arecord mai ɗauka da aplay mai kunnawa.

Ɗauka da sauraro

Mataki na farko shi ne a tabbatar kwamfuta ta ga makirufo. Sai a buga:

arecord -l

Za ta jero na'urorin ɗaukar sauti da ke jikinta, kowace da lambarta. Bayan haka sai umarnin ɗauka:

arecord -f S16_LE -r 44100 -c 1 -d 600 kaka.wav

Kowane yanki yana da ma'anarsa. Abin da ke bin -f yana nufin bit 16. Abin da ke bin -r shi ne yawan awo a sakan. Lamba 1 da ke bin -c tana nufin hanya ɗaya ta sauti, wadda ta wadatar ga mai magana ɗaya. Lamba 600 da ke bin -d sakan ne, wato minti 10. Na ƙarshe sunan fayil ne, kuma WAV tsari ne da kamfanonin Microsoft da IBM suka fitar a 1991, wanda ke ajiye lambobin kamar yadda aka auna su. Idan ba a sa -d ba, ɗaukar za ta ci gaba har sai an danna Ctrl da C tare.

Ya kamata a lura cewa idan aka buga arecord da sunan fayil kawai, manhajar za ta ɗauka da awo 8,000 da bit 8, wato ƙasa da abin da ake buƙata. Abin da ba a auna ba tun farko, babu wata manhaja da za ta dawo da shi daga baya. Don haka a fara da gwajin sakan 10, a saurara da wannan umarni:

aplay kaka.wav

Idan muryar ta yi ƙasa, ko tana kecewa saboda ƙarfi, a daidaita makirufo da manhajar alsamixer kafin a shiga hira sosai. Inda ake fama da ɗaukewar wuta, a ƙara --max-file-time 300 a cikin umarnin. Wannan zai sa manhajar ta rufe fayil ta buɗe sabo duk minti 5, ta yadda ko wuta ta tafi ɗan kaɗan ne zai salwanta. Da wannan umarni na ɗauka ake kwafe tsofaffin kaset, idan aka haɗa rikoda da kwamfuta da waya.

Lissafin wurin ajiya darasi ne mai kyau ga aji. Bit 16 daidai suke da bayit 2. Idan aka ninka 44,100 sau 2 za a sami bayit 88,200 a sakan, wato bayit 317,520,000 a awa ɗaya, kimanin megabayit 318. Filashi mai gigabayit 16 zai ɗauki hirar kusan awa 50.

Gyara da rubutawa

Manhajar SoX, wadda Lance Norskog ya fara a 1991, ita ce abokiyar aikin gyara, kuma tana aiki a Windows ma. Don a yanko minti 2 daga minti na farko zuwa na uku:

sox kaka.wav yanki.wav trim 60 120

Wutar lantarkin Nijeriya tana juyawa sau 50 a sakan, kuma wani lokaci gurnaninta kan shiga cikin ɗaukar. Ana rage shi da haka:

sox kaka.wav tatacce.wav highpass 80

Wanda zai rubuta hirar a takarda yana buƙatar maganar ta tafi a hankali:

play kaka.wav tempo 0.7

A nan akwai abin lura ga mai nazarin Hausa. Umarnin tempo yana rage saurin magana ya bar kaurin murya yadda yake. Akwai wani mai suna speed, wanda ke rage sauri ya kuma kaurara muryar, kamar kaset idan batirin rikoda ya yi sanyi. Mai bin karin sauti na farkon zai zaɓa.

A duk waɗannan umarni fayil na asali yana nan ba a taɓa shi ba, sakamakon yana fita ne da sabon suna. Wannan ita ce ƙa'idar ma'adanar sauti: a gyara kwafi, a bar asali.

Adanawa da ladubban aiki

Fayil na WAV yana da girma. Tsarin FLAC, wanda ya fito a 2001, yana rage girman zuwa kimanin rabi ba tare da zubar da lamba ko ɗaya ba. Tsarin MP3 ya fi ragewa nesa ba kusa ba, amma yana zubar da sassan da yake ganin kunne ba zai lura da su ba. Saboda haka FLAC na ajiya ne, MP3 kuma na rabawa ta waya. Manhajar FFmpeg, wadda Fabrice Bellard ya fara a 2000, tana yin sauyin da layi ɗaya:

ffmpeg -i kaka.wav kaka.flac

Kaset yakan rasa inganci duk lokacin da aka kwafe shi, amma kwafin lambobi daidai yake da asalinsa. Sai dai filashi ma yana lalacewa ko ya ɓace, don haka a ajiye kwafi aƙalla biyu a wurare dabam-dabam, ɗaya a makaranta ɗaya a gida.

Kafin a kunna na'ura a nemi izinin mai maganar, a gaya masa waɗanda za su ji muryarsa, kuma idan ya ce a tsaya a tsaya. A farkon kowace ɗauka ɗalibi ya faɗi kwanan wata da unguwa da sunan wanda ake hira da shi, domin fayil ɗin ya riƙa ɗauke da shaidarsa. Ɗaki mai tabarma da labule ya fi fili, kuma a nisanci injin niƙa da janareta. Ɗalibai mata suna da rawar takawa ta musamman, domin su ne ke shiga cikin gida wajen iyaye da kakanni mata.

Kammalawa

Mun ga cewa ɗaukar murya a kwamfuta awo ne da ake maimaitawa dubban sau a sakan, kuma ingancinsa ya rataya ne a kan lambobi biyu da mai ɗauka ke zaɓa. Layin umarni yana sa ɗalibi ya ga waɗannan lambobi da idonsa, don haka aikin yana haɗa darasin kimiyyar sauti da lissafi da Hausa da tarihi. Shawara ga malamai ita ce a raba aji ƙungiya-ƙungiya, kowace ta ɗauki hirar minti 30 da dattijo ɗaya a zangon karatu, ta rubuta ta, ta miƙa kwafi ga ɗakin karatun makaranta. Aji mai ƙungiyoyi 6 zai tara awa 9 a shekara, kuma dukkansu ba za su kai gigabayit 3 ba.