Darasi na 14: Tsohuwar Mota Mai Jan Ƙafa Huɗu da Yadda Ake Gano Ciwonta

Ya kai mai karatu, idan ka taɓa tsayawa a bakin titin Bosso da ke Minna da sassafe, babu shakka ka ga motoci iri-iri suna kai da kawowa. Daga cikinsu akwai waɗansu tsofaffi masu tsayi da manyan tayoyi, fentinsu ya koɗe, jikinsu duk jar laka. Waɗannan su ne motocin da suke shiga ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba. Su ne suke ɗauko doya da dawa daga gonaki zuwa kasuwanni irin na Beji da Garatu. Su ne kuma suke kai majiyyaci asibiti idan damina ta lalata hanya.

Jihar Neja ta fi kowace jiha a Nijeriya faɗin ƙasa, kuma a yankin Minna ana ruwan sama tun daga watan Afrilu har zuwa Oktoba. Saboda haka direba yakan yi tafiya mai nisa a daji, inda babu gareji, babu bakanike. Idan mota ta tsaya a irin wannan wuri, kaya suna iya lalacewa, dare yana iya yi, wani lokaci ma rai ne yake cikin haɗari. Wannan darasi zai nuna maka yadda ake gano abin da yake damun mota, da ƙananan gyare-gyaren da mutum zai iya yi da kansa, da kuma inda ya kamata ya tsaya.

Asalin waɗannan motoci

Motar soja da Amurka ta ƙera a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wato Jeep, ita ce ta sa irin wannan mota ta shahara. Daga sunanta Hausawa suka sami kalmar "jif". A shekarar 1948 aka fito da Land Rover a Ingila. Kamfanin Toyota na Japan ya fara ƙera tasa a 1951, kuma a 1954 ya raɗa mata suna Land Cruiser. Hilux ta biyo baya a 1968, sannan Pajero ta kamfanin Mitsubishi a 1982.

Me ya sa mutane suke riƙe da tsofaffinsu har yau? Dalili na farko shi ne tsadar sababbi. Na biyu, tsofaffin ba su dogara ga kwamfuta ba kamar na zamani, don haka mai sifana da hankali yana iya fahimtarsu. Na uku, ana samun kayan gyaransu a manyan kasuwanni kamar Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Yadda take jan ƙafa huɗu

A ƙaramar mota, injin yana juya tayoyi biyu ne kawai. A wannan kuwa, akwai wani ƙaramin akwati a bayan giyabos wanda yake raba ƙarfin injin gida biyu. Wani dogon ƙarfe mai juyawa da ake kira farfela yana kai ƙarfin ga tayoyin baya, wani kuma ga na gaba. A kusa da sandar giya za ka ga wata gajerar sanda. Ita ce direbobi suke kira ogzilari. A kanta an rubuta 2H da 4H da 4L. Ana amfani da 2H a kan kwalta, 4H a kan hanya mai santsi ko rairayi, 4L kuma a cikin taɓo mai zurfi ko wajen hawan tudu da kaya. Kafin a sa 4L, dole ne a tsayar da motar cak.

Da yawa daga cikin tsofaffin suna da makulli a tsakiyar kowace tayar gaba, wanda ake murɗawa da hannu. Idan ba a kulle su ba, tayoyin gaba ba za su ja ba, ko da an sa ogzilari.

Ƙa'ida ta farko: bincike kafin kwance noti

Mota ba ta cika mutuwa farat ɗaya ba. Takan yi gargaɗi tukuna, ta hanyar ƙara ko wari ko hayaƙi ko ɗigon mai. Don haka kayan aikinka na farko su ne ido da kunne da hanci. Ka yi wa kanka tambayoyi uku. Me na gani ko na ji kafin ta tsaya? Me aka taɓa a jikinta kwanan nan? Wane ne mafi sauƙi daga cikin abubuwan da suke iya jawo wannan matsala? Kullum ka fara da mai sauƙi da araha kafin ka kai ga mai wuya da tsada. Mutane da yawa sun sayi sabon batir, alhali kan batirin ne kawai ya yi datti.

Idan ta ƙi tashi

Ka murɗa makulli, ka kasa kunne. Idan ka ji shiru, ko ka ji "ƙas-ƙas" kawai, matsalar ta wuta ce. Kunna fitilun gaba. In sun yi dishi-dishi, batir ya yi sanyi ko kuma kansa ya saki. Buɗe bonet ka duba. Idan ka ga wani farin gari ya taru a kan batirin, ka kwance wayoyin, ka kankare shi, ka mayar ka ɗaure tamau. Wajen kwancewa, ka fara cire wayar da take da alamar ragi. Wajen mayarwa kuma ita ce ta ƙarshe. Wannan yana hana tartsatsi. Batirin yawancin waɗannan motoci mai bolt 12 ne. Idan kana da na'urar auna wuta, cikakken batir yakan nuna kusan 12.6, sannan ya haura zuwa wajen 14 idan injin yana aiki. In bai haura ba, injin caji ba ya caji, ko kuma fanbel ya saki.

Idan kuwa kik yana juya injin da ƙarfi amma bai kama ba, to batir ba shi da laifi. Injin fetur yana bukatar abubuwa uku: mai, da iska, da tartsatsin wuta daga filogi. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Shin akwai mai a tanki? Kada ka amince da allurar mai ta tsohuwar mota, domin takan yi ƙarya. Shin matatar iska ta toshe? Shin wata wayar filogi ta fita, ko ruwa ya jiƙa ta? Ka duba akwatin fiyus kuma. Idan fiyus ya ƙone, ka sa wani mai lamba ɗaya da shi. Kada ka ɗaura waya a madadinsa, domin ta haka motoci da yawa suka kama da wuta.

Injin dizal, wanda direbobi suke kira mai gas, ba ya aiki da tartsatsin filogi. Manyan abokan gābarsa su ne ruwa da iska a cikin bututun mai. Idan mai ya ƙare a hanya, iska takan shiga, kuma ko an zuba wani man, injin ba zai tashi ba sai an fitar da ita. A yawancinsu akwai ɗan famfo na hannu a kan matatar mai. Sai a yi ta danna shi har ya yi tauri, sannan a sake gwadawa.

Idan injin ya yi zafi

Da zarar allurar zafi ta doshi ja, ka tsaya a gefen hanya ka kashe injin. Kada ka ce bari in ƙarasa Maikunkele tukuna. Tafiyar minti biyar da injin mai zafi tana iya ƙona gaskit, gyaran kuwa ya fi kuɗin jan mota nesa ba kusa ba. Kada ka buɗe murfin lagireto nan take. Ruwan da yake ciki ya wuce tafasa, kuma zai yi tsiri ya ƙona maka fuska da hannu. Ka jira aƙalla rabin sa'a. Bayan ya huce, ka duba ko ruwa ya ragu, ko wata roba ta tsage, ko fanbel ya tsinke, ko kuma laka da ciyawa sun toshe fuskar lagireto. Wannan na ƙarshe yana yawan faruwa ga motocin gona.

Abin da hayaƙi yake faɗa

Launin hayaƙin salansa yana ba da labarin cikin injin. Baƙin hayaƙi yana nufin mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. A lokacin hunturu, ƙura takan toshe matatar iska cikin ɗan lokaci, don haka da ita za ka fara. Shuɗin hayaƙi yana nuna injin yana ƙona baƙin mai, alamar ya gaji. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa, tare da raguwar ruwan lagireto, yana nuna ruwa yana shiga inda mai yake ƙonewa. Wannan aikin gareji ne.

Kurakuran da suka shafi ogzilari

Idan ka kafe a taɓo, ka ga tayoyin baya kaɗai suke juyawa, ka sauka ka duba makullan tayoyin gaba. Sau da yawa a buɗe aka bar su. Kada ka yi ta taka totur, domin taya za ta ƙara haƙa rami ne kawai. Ka kwashe lakar gaban taya, ka shimfiɗa rassa ko duwatsu, ka fita a hankali.

Da ka hau kwalta, ka mayar da sanda 2H. Ga dalili: idan mota tana shan kwana, tayoyin gaba suna yin tafiya mafi tsawo fiye da na baya. A kan laka, taya takan ɗan zame, sai bambancin ya ɓace. A kan kwalta ba ta iya zamewa, don haka farfela da giya su ne suke shan wahala har wani abu ya karye. Alamar ita ce sitiyari ya yi nauyi, sandar kuma ta ƙi fita. Idan haka ta faru, ka ɗan ja da baya a miƙe, za ta saki. Wannan bayani bai shafi motocin da aka ƙera don su ja da ƙafa huɗu kullum ba, kamar Range Rover.

Bayan ka ƙetare rafi mai zurfi, ka taka birki a hankali sau da yawa don ya bushe. Idan ka isa gida, a duba man aksul. In ya koma fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga, sai a canza shi.

Rigakafi da sanin iyaka

Kowace safiya, kafin a ta da mota, a duba baƙin mai, da ruwa, da man birki, da iskar taya, a kuma leƙa ƙarƙashinta ko akwai ɗigo. A ƙasa mai ƙura irin tamu, yana da kyau a yi wa tsohon injin juye bayan kimanin kilomita 5,000. Kada mota ta shiga daji ba tare da safaya, da jak, da sifanoni, da filaya, da sukudireba, da fanbel, da fiyus, da tocila, da igiya, da jarkar ruwa ba.

Sai dai ka tuna cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Birki, da sitiyari, da cikin giyabos, da famfon injakta, ba wurin gwaji ba ne. Ka kai su ga ƙwararren bakanike, matsalar waya mai wuya kuma ga rewaya. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita. Kada kuma ka bar injin yana aiki a rufaffen wuri, domin hayaƙinsa yana kisa. Ko da ba kai za ka yi gyaran ba, idan ka iya gaya wa bakanike abin da ka gani da abin da ka ji, ka rage masa aiki, ka kuma rage wa kanka kashe kuɗi.

Ma'anar kalmomi

bakanike: mai sana'ar gyaran mota, jam'insa kanikawa
lagireto: ma'ajiyar ruwan da yake sanyaya injin
totur: abin da ake takawa don ƙara gudu
juye: zubar da tsohon baƙin mai a zuba sabo
safaya: tayar da ake ajiyewa saboda ɓacin rana
rewaya: mai gyaran wutar mota
taɓo: laka mai kama ƙafa
ƙuƙumi: ɗaure hannuwan mutum a wuyansa

Tambayoyi

1. Kawo dalilai biyu da suka sa mutane suke riƙe da tsofaffin motoci masu jan ƙafa huɗu.
2. Waɗanne abubuwa uku injin fetur yake bukata kafin ya tashi?
3. Me ya sa ba a buɗe murfin lagireto idan injin yana da zafi?
4. Bayyana dalilin da ya sa ba a tafiya da 4H a kan kwalta.
5. Mene ne ma'anar karin maganar nan: "Ƙaramin sani ƙuƙumi ne"?

Aiki

(a) Fitar da kalmomin aro guda goma daga cikin darasin, ka sa biyar a cikin jimloli.
(b) Ziyarci garejin da yake kusa da makarantarku, ka tambayi sunayen kayan aiki guda biyar da Hausa, ka rubuta amfanin kowanne.